Jirgin da Na Matse wa Mai

A shekarun nan da man fetur ya koma abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ni ne bakaniken da direbobin hanyar Jos suka fi so a Tudun Wada. Ba don na fi kowa iya gyara ba. Akwai waɗanda suka fi ni hannu nesa ba kusa ba. Abu ɗaya na iya, shi ne matse wa mota mai. Direba zai ci burki a bakin rumfata, ko sallama bai ƙarasa ba zai ce, "Maigida, motar nan ta fi iyalina ci. A matse mata." Ni kuma in ɗauki sukudireba ina wani ɗaure fuska, in murɗa sukurun da ke sakin mai, in kasa kunne, in ƙara murɗawa, har sai injin ya fara shessheƙa, sannan in sassauta masa kaɗan don kada a ce ba ni da imani. Motar ta bar wurina tana shan mai kamar mai cin tuwo a gidan surukai. Direba ya yi ta sa mini albarka har Doguwa, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Aikin injekta na koya a gonakin noman rani na wajen Bebeji, inda na yi shekaru ina kwance famfon mai na taraktoci. Ga wanda bai sani ba, yawancin motocin lokacin kafireta gare su, wani ɗan kwano ne da mai ke taruwa a ciki, iska ta riƙa ɗibarsa tana kai wa inji. Injekta kuwa famfo ne ke tura man ta siraran bututu, a ƙarshen kowane bututu akwai nozul da ke fesa shi, yadda mai guga ke fesa ruwa da baki. Da motocin Kwatano masu injekta suka fara shigowa, sauran kanikawa suka riƙa kauce musu, ni na riƙa tarbarsu. Daga nan na fara ɗaukar kaina wani abu. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni a lokacin ado na ɗauke shi, har yawo nake da shi a tasha.

Kakana na wajen uwa yana zaune tare da mu tun bayan rasuwar matarsa. Kafinta ne. A Riruwai ya yi ƙuruciyarsa yana yi wa masu haƙar kuza ƙofofi da katakon tokare rami. Tsakanina da shi wasa ne irin na jika da kaka: ni ina ce masa Tsoho, shi yana ce mini marowaci, matata kuwa amaryarsa ce, kullum sai ya yi mata alkawarin zai raba ta da wahalar zama da ni. Yana da wani labari da duk gidanmu mun haddace. Wai wata rana wani ƙaramin jirgin sama ya sauka a filin ma'aikata, fiffikensa ya ɗan tsage, aka rasa mai gyara sai aka kira shi. Ya zura hannu a cikin fiffiken yana zaton zai taɓo wani abin al'ajabi.

"Katako ne, marowaci," in ji shi. "Katako da ƙyalle! Tun ranar na raina jirgi."

In ya ce ya raina shi, abin da yake nufi shi ne tun ranar bai ƙara kwana bai yi tunaninsa ba.

Sai idonsa ya fara ba shi matsala. Ba yanar ido ba ce, wadda ake cirewa a huta. Na kai shi asibiti a Kano, likita ya duba ya ce ciwo ne mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya saura ma a kan hanya yake. Aka ba mu maganin ɗigawa, aka ce zai ɗan ja lokaci. Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Kwanar Dangora. Can sai Tsoho ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Injin nan da ka jefar a bayan rumfarka, yana da rai?"

Yana nufin injin wata 'yar mota mai siffar kunkuru, irin wadda injinta ke baya. Ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, saboda haka ba shi da nauyi. Na ce yana da rai.

"To ni zan yi jiki da fukafukai da farfela. Kai ka yi abin da zai juya ta. Ba Makka nake so ya kai ni ba. So nake in ga tayarsa ta rabu da ƙasa ko da taƙi ɗaya ne, da idon nan nawa, kafin ya ƙarasa rufewa."

Mai hankali zai lallashe shi ya ba shi haƙuri. Ni ce masa na yi, "Tsoho, ai ƙaramin aiki ne."

Muka share rani guda muna abu ɗaya a bayan gida. Shi ya zana komai daga ka, da ɗan taimakon wani hoto da na yago daga tsohuwar mujalla. Yana aiki hancinsa na kusan taɓa katako, amma in ya shafa wuri ya ce akwai tudu, to akwai shi. Farfelar ce ta fi cin ransa. Falankan maɗaci ya manna, ya yi ta sassaƙa yana kankarewa, ya rataye ta a kan ƙusa ta tsakiya ya ga wane ɓangare ne zai rinjaya, ya sauke ya ƙara kankara, har ta kai tana tsayawa cak duk yadda aka juya ta. Matata ta ɗinka akokon da muka lulluɓe fukafukan da shi, muka shafe shi da banish har ya yi tauri kamar fatar ganga. Tayoyi na ƙaramin babur ne. Kujerar matuƙi kuwa ta zaurenmu ce, na yanke mata ƙafafu.

Mahaifiyata ta zo daga Kiru, ta tsaya ta ƙare wa abin kallo, sannan ta juya ga mahaifinta ta ce, "Baba, shi wannan tun yana yaro mun san notin kansa a kwance yake. Amma kai fa?"

Tsoho ya ce, "A wajen wa kike zaton ya gado?"

Nawa ɓangaren shi ne inji, kuma a nan na nuna hali. Injin da kafiretarsa ya zo, lafiyarta lau, da na ƙyale ta da ta yi aikinta. Na cire ta na ajiye. Na yi wa Tsoho bayani cewa jirgi yana karkata a sama, in ya karkata man da ke kwanon kafireta zai tuntsure gefe guda, inji ya mutu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma ainihin dalilin shi ne ba zan yarda a ce jirgin da na sa wa hannu yana amfani da abin da kowane bakanike a tasha ya iya kwancewa ba. Na ciro famfo da nozul huɗu daga wata motar Kwatano da ta yi hatsari a dajin Falgore, na huda, na liƙe, na haɗa bututu, na ɗaura bel.

Saitin injekta aikin haƙuri ne, kuma ina sonsa har gobe. Da farko sai ka tabbatar nozul huɗun suna ba da mai daidai wa daida. Nakan jera kwalaben lemo huɗu, in zura kowane nozul a cikin tasa, in juya famfo, in durƙusa in duba ko man ya tsaya a layi ɗaya. Wanda ke ɗiga maimakon feshi in kwance shi in wanke, in goge allurarsa. In sun daidaita sai a koma kan babban sukuru, wanda ke yanke yawan man da inji zai samu gaba ɗaya. Shi ba a ganin aikinsa sai a jikin fulogi. Ka tayar da inji ya yi zafi, ka kashe, ka kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi launin ƙuli-ƙuli, ya yi daidai. In ya yi fari kamar toka, an matse shi. A rumfata, farin fulogi shi ne shaidar ƙwarewa, direbobi ma shi suke cewa a nuna musu kafin su tafi.

Muka ɗaure wutsiyar jirgin da igiya a jikin ɗorawar da ke bayan gida, na tayar. Farfela ta juya, iskarta ta kwashe shanyar maƙwabta ta watsa kaji. Tsoho ya tsaya a gefe yana dariya har da riƙe ciki. Kafin la'asar direbobi sun cika wurin, kowa da shawararsa, kuma duk shawarar ɗaya ce. Wannan ya ce, "Maigida, a sama fa babu gidan mai." Wancan ya ce, "Matse shi, kai ne fa." Har Tsoho ya sa baki, ya ce ai tsuntsu mai ƙaton ciki ba ya nisa, a dubi talotalo a dubi shirwa. Ban taɓa jin hujjar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Na murɗa sukuru, na ɗan tura totur na saki kamar yadda nake gwada mota, na ƙara murɗawa. Na kwance fulogi na ɗaga shi sama, fari tas. Aka yi mini tafi. Wani direba ya rantse babur ɗinsa ma ya fi jirgin nan shan mai.

Fili muka nema mai tsawo, muka samu wani burtali miƙaƙƙe a wajen Dangora, kusa da wata ruga. Dattijon rugar ya saurari bayaninmu har ƙarshe, ya dubi jirgin da ke kwance a bayan akori-kura fukafukansa a cire, ya dube mu, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma ku bari mu kora shanu gaba tukuna, su ba su saba da irin wannan ba."

Bazara ce, rana kamar ta tsaga ƙasa. Labari ya riga mu isa, mutane sun yi dafifi a gefe biyu, har da mai sayar da rake. A lokacin ganin Tsoho ya koma kamar na mai leƙe ta cikin bututu: abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe babu. Don haka na kama hannunsa na kai shi can gaba, inda lissafina ya ba ni cewa nan taya za ta bar ƙasa, na tsayar da shi na saita masa fuska. Rigarsa ta sallah ya saka. Ya ce, "Kada ka wuce da sauri fa, ka san idon nawa ba ya gudu."

Muka mayar wa jirgi fukafukansa, na hau, direban akori-kurar ya murza farfela, inji ya ɗauka. Na tura totur har ƙarshe na bar shi a nan, abin da ban taɓa yi a jikin ɗorawa ba don kada a yi asarar mai. Jirgi ya zabura. Wallahi ya yi gudu, wutsiyarsa ma ta ɗaga, mutane suka ɗau ihu. Sai na fara jin wani ƙas-ƙas a cikin injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wani ƙauri ya bugo ni. Ƙarfin ya fara zubewa, wutsiya ta koma ƙasa, inji ya yi tari ya tofar da hayaƙi, farfela ta yi juyin ban kwana ta tsaya. Jirgin ya ci gaba da gangarawa a hankali, tayoyinsa na ƙiƙi-ƙiƙi, har ya zo ya tsaya daidai gaban Tsoho, kamar motar haya ta ga fasinja.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, marowaci, ka iso? Sannu da hanya. Ya mutanen sama?"

Dariyar da aka yi a burtalin nan, sai da mai rake ya zauna a ƙasa.

Da na buɗe injin a gida na tarar fistin ɗaya ya huje, rami a tsakiyarsa babban yatsana na shiga, wani kuma bakinsa ya narke kamar kitse. Na ce man ne, 'yan bumburutu sun gauraya shi da kananzir. Na ce baki ne, mutane sun yi yawa. Na ce farfelar Tsoho ce ta yi wa injin nauyi. Wannan dai a zuci na faɗa, ban yarda ya ji ba. Na zargi kowa da komai a ƙasar Kano in ban da sukudirebata. Sai da na gaji da zargi na zauna da fistin ɗin a hannu, sannan abin da ke gabana tun farko ya shiga kaina. Mota ba ta daɗewa a ƙarshen totur, direba ya taka ya saki, ga kuma ruwa a lagireto yana kwashe zafin. Shekara da shekaru ruwan nan ne ke rufa wa rowata asiri ban sani ba. Wannan injin kuwa ba shi da ruwa, kuma jirgi mai neman tashi bai san a saki totur ba. Man da nake hana shi ba abinci ne kawai ba, rarar da ke ciki ita ce ke sanyaya masa kai. Na sa shi dako da tsakar rana, na hana shi ruwan sha. Garin neman gira aka rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Fistin da silinda na irin wannan injin ba a tsintarsu a Tudun Wada. Na yi ta sintiri a Kano wajen masu tsofaffin kayan mota, in samu wannan in rasa wancan. Wanda na fara samowa ma bai shiga ba. Kafin in haɗa, damina ta sauka, burtali ya zama caɓi, ni kaina gonata na jira. Na ce wa Tsoho sai bayan girbi in Allah ya so. Ya ce ai ba gudu ake ba. Amma gudu ake yi, mu duka mun sani, kuma ciwon ya fi ni sauri. Bayan girbin ma kan silindar da na samo a tsage aka yi mini waldarsa ya sake tsagewa, na koma Kano.

Wata safiya na shiga zaure in gaishe shi, na same shi a kan buzunsa ya juya fuska ga bango, yana zaune tsaf irin zaman mai kallon masu wucewa ta ƙofa. Na yi sallama. Ya juyo wajen muryata ya ce, "Kai ne ka matsar da ƙofar nan? Rowar taka har ta kai ga haske?" Na yi dariya don ya ji. Daga nan na zagaya bayan gida na zauna a ƙarƙashin fiffiken jirgin, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Baƙin ciki ne da jin haushin kaina, kuma babu wanda zan ɗora wa.

Na yanke shawarar in kwance abin in yi wa matata akurkin kaji da katakon. Da na gaya masa sai ya ɗaure fuska, karo na farko da na ga ya cire wasa tsakaninmu.

"Idona ne ya mutu ko jirgin?"

Na ce idonsa.

"To me jirgin ya yi maka? Je ka ba shi mai."

Ban san akwai wuya a murɗa sukuru ta hagu ba sai a lokacin. Hannuna ya saba da hanya ɗaya. In na kau da kai sai in tarar ya koma yana matsewa da kansa. Na ɗaure jirgin a ɗorawa, na buɗe mai, na tura totur ƙarshe na bar shi yana ruri, ina kallon galan ɗin da na sha wuyar layi a kansa yana ƙafewa a gabana, zuciyata na suya. Ba ni da agogon auna zafi, sai in tofa yawu a kan silinda in ga saurin ƙonewarsa, in kashe, in kwance fulogi in duba, in ƙara buɗewa. Silinda biyu na baya sun fi ɗaukar zafi don iskar farfela ba ta isa gare su sosai, sai na sa musu nozul ɗin da suka fi sakin hannu, na kuma lanƙwasa langa-langa ta karkato musu iska. Na daina yarda da fulogin da aka duba inji na tafiya a hankali, sai wanda aka kashe inji yana tsakiyar ruri. A ƙarshe duka huɗun suka fito launin ƙuli-ƙuli, na bayan ma sun ɗan fi duhu, na danne zuciyata na bar su a haka.

Hayaƙin da na tayar a unguwa bai ɓoyu ba. Wani direba da ya kawo mini motarsa ya leƙo bayan gida, ya ga baƙin hayaƙi na fita daga injin da ni na saita da hannuna, ya tsaya ya yi salati ya ce, "Maigida, lafiya kuwa? Ko tsufa ne ya fara?" Ya koma motarsa ya tafi wajen wani. A tasha aka ce hannuna ya lalace. Na ji zafin maganar fiye da yadda ya kamata mai hankali ya ji.

Sai da bazara ta zagayo aka yi ruwan farko sannan komai ya kammala. Wannan karon ba mu gaya wa kowa ba. Da sassafe muka isa burtalin, ni da Tsoho da direban akori-kura. Dattijon ruga ya fito ya gaishe mu, ya tambayi jikin Tsoho, ya yi masa addu'a, ya tafi kora shanunsa ba tare da an roƙe shi ba. Ruwan da aka yi ya kwantar da ƙasa luf, ba caɓi ba ƙura. Na shimfiɗa wa Tsoho tabarma a gefe. Ban saita masa fuska ba, shi ma bai ce in saita ba. Rigar sallar dai ya sake sakawa.

Na tura totur. Injin ya yi wata murya da ban taɓa ji daga gare shi ba, mai kauri, muryar wanda ya ƙoshi. Wutsiya ta ɗaga. Na jira ƙas-ƙas ɗin nan, bai zo ba. Gudu ya yi ta ƙaruwa har na daina rarrabe sabarar gefen hanya, sai a lokacin wani tunani ya faɗo mini wanda ya kamata ya zo tun ranar farko: ni na iya saita inji, Tsoho ya iya katako, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa tambayar yadda ake tuƙa jirgi. Na ja sandar da ke tsakanin ƙafafuna, na runtse ido, na kama kalmar shahada da ƙarfi. Na ji wani gwaf. Da na buɗe ido ina cikin kurmin sabara, taya ɗaya ta yi nata wuri, farfelar maɗaci ta rabe biyu, ni kuwa ko ƙwarzane babu sai leɓen da na ciza.

Na dawo da ƙafa ina ɗingishin da ba na ciwo ba ne, na neman tausayi. Tsoho na tsaye a kan tabarma.

"Ya tashi?" in ji shi.

Direba ya ce shi dai ya ga kamar ya yi tsalle, amma akwai ɗan tudu a wurin, ko akori-kurarsa in ta taka shi da gudu za ta yi haka. Dattijon ruga ya ce a yi haƙuri, shi wani bijimi ya bi da ya tsinke da gudu, baya ya ba mu. Tsoho ya juyo inda yake jin numfashina.

"Kai da kake ciki fa?"

Na so in ce ya tashi har ya fi tsayin ɗorawa. Wa zai ƙaryata ni a gabansa? Amma ban taɓa yi masa ƙarya ta zauna ba. Na ce, "Tsoho, idona a rufe yake."

Can ya ce, "La'ilaha illallahu. Ashe makafi biyu ne suka zo gwajin jirgi." Ya miƙo hannu. "Kai ni inda ka fara gudu. Ku kuma kada wanda ya taka mini hanya."

Na kai shi. Ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya lalubo sawun tayoyin a damshin ƙasa, ya fara rarrafe. Na ce ya bari in duba masa, ai ni ina gani. Ya ce ya ji amfanin ganin nawa ɗazu. Haka muka bi burtalin nan, tsoho na rarrafe gwiwoyinsa sun yi jar laka, mu uku muna biye da shi daga gefe. Yana tafe yana faɗin abin da hannunsa ya tarar: nan sawu uku ne, nan na wutsiya ya ɓace, saura biyu, nan ka yi wa dama nauyi, matsoraci, nan sun fara sirancewa. Ya wuce ɗan tudun da direba ke magana, sawu na nan bai yanke ba, ya ce a gaya wa mai akori-kura ya riƙe tudunsa.

Ni daga tsaye na riga na hango wurin, can gaba kaɗan. Na kama bakina.

Ya iso. Hannunsa na dama ya bi sawun har inda ya ƙare, ya wuce kan ƙasa sumul wadda ɗigon ruwan sama ne kawai a jikinta. Ya dawo da hannun baya ya sake bi. Ya laluba na hagu, can ma haka. Ya matsa gaba yana shafawa da tafuka biyu, a hankali, babu komai. Ya ƙara matsawa, babu komai, tsawon da ya fi na zaurenmu, sai can yatsunsa suka faɗa cikin ramin da tayoyin suka yi da suka dawo ƙasa. Ya ja da baya zuwa tsakiyar wurin ya zauna dirshan a cikin laka. Bakinsa na motsi, hawaye na bin gemunsa, ban ji abin da yake faɗa ba.

Can ya ce, "Marowaci, zo nan. Kawo hannunka."

Na durƙusa na ba shi. Ya kama wuyan hannuna ya kifa tafina a kan ƙasar, ya danna da nasa. Da sanyi, da laushi, babu sawun komai.

"Shafa da kyau," in ji shi. "Kai ma ba ka gani ba."